Tsakanin katangar kasuwar gwanjo da ƙofar gidanmu

Gidan da muke zaune yana fuskantar bayan wani fili da ake cin kasuwar gwanjo a cikinsa duk Asabar da Lahadi. Sauran kwana biyar ɗin filin wayam yake. Tsakanin katangar waya da ta kewaye shi da ƙofofin layinmu akwai siririn titi, da magudanar ruwa, da wani ɗan tsiri na ƙasa da faɗinsa bai wuce taku huɗu ba. Wannan ɗan tsirin shi ya cinye min kusan shekara biyu.

Gara in faɗa tun farko cewa ina son kasuwar nan. Teburin da nake rubutu a kansa can na saye shi, keken 'yata ma haka. Wuri ne da tsohon kaya ke samun sabon ubangida maimakon ya ƙare a bola, kuma akwai gidaje da yawa da ba su da wata hanyar samu sai ita. Amma duk Litinin da safe idan ka buɗe ƙofa sai ranka ya ɓaci: kwalaye jiƙaƙƙu, leda maƙale a waya, takalma wari-wari, katifa a jingine, talabijin an farke masa ciki.

Wata Litinin 'yata, lokacin tana shekara bakwai, ta fita da silifas za ta kira ƙawarta su tafi makaranta. Ko minti biyu ba ta yi ba na ji ihunta. Ta taka fasasshen dogon ƙwan fitila da ciyawa ta rufe, gilashin ya huda silifas ɗin ya shige tafin ƙafarta. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, kowa a layin Anti yake ce mata. Ita ta wanke ciwon ta ɗaure, ta tambaye ni rabon yarinyar da allurar tetanus, ta ce ƙwayar cutar a ƙasa da ƙura take zama, ba sai ƙarfe mai tsatsa ba kamar yadda mutane suka ɗauka. Da muka dawo daga ɗinki sai na ɗauki tsintsiya zan share wurin. Ta riƙe ni ta ce, “Malam, kar ka share da tsintsiya. Irin wannan dogon ƙwan akwai zaiba a cikinsa. Sa safar hannu, ka kwashe da kwali, ka zuba a abin da ke da murfi.” Ranar na fara gane cewa sharar kasuwar gwanjo ba irin sharar gida ba ce.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa zai yi. Na bi gida-gida, muka haɗu mu bakwai, muka ce duk Litinin da sassafe za mu fito da tsintsiya da shebur da baro. Makon farko muka tara tsibi guda muka cinna masa wuta. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe layin, can sai wani abu ya fashe a cikin wutar ya yi tsalle ya faɗa kusa da ƙafar wani yaro. Batirin tsohuwar waya ne. Wani maƙwabcinmu mai gyaran lantarki ya fito a guje yana cewa a kashe. Ya nuna mana guntayen wayoyin wuta da ke cikin tsibin, ya ce robar da ake naɗe su da ita, wadda ake kira PVC, idan aka ƙone ta a fili tana fitar da guba irin su dioxin, kuma tokar tana zama a ƙasar da yaranmu ke wasa. Daga ranar ba mu sake ƙona komai ba.

Sharar kuwa mun yi ta wata uku. Mu bakwai muka koma huɗu, huɗu muka koma biyu. Ban ga laifin waɗanda suka janye ba, kowa da aikin da ke jiransa ranar Litinin. Abin da ya fi karya min gwiwa shi ne sharar ƙaruwa ta yi. 'Yan kasuwa sun lura akwai masu kwashewa, sai suka ƙara sakin jiki. Tufka da warwara kawai muke yi.

Daga nan fushi ya shigo. Aka kira taron maƙwabta, aka rubuta takardar koke zuwa ga hukumar gari, ana neman a tashi kasuwar, in hakan bai yiwu ba a kori 'yan shimfiɗa, wato waɗanda ba su da ƙarfin kama rumfa a ciki, suke baza kayansu a kan buhu ko tampol a wajen katanga. Su muke gani a ƙofar gidajenmu, don haka su muka ɗora wa laifin. Ni ma na sa hannu. Bayan makonni amsa ta zo: cikin fili haƙƙin mai lasisin kasuwa ne, titi kuwa hukuma na share shi bisa jadawalinta. Muka je wurin manajan kasuwar, ya ce iyakar aikinsa katanga. Ɗan tsirin nan na taku huɗu bai fito a takardar kowa ba. A nan ne kuma duk ƙazantar take taruwa.

Da na rasa wanda zan kama, sai na ɗauko kujera na ajiye a ƙofar gida, da littafi da biro. Makonni huɗu ina zama daga azahar har duhu ya shiga, ina rubuta wa ya yar da me, a ina, da ƙarfe nawa. Wannan zaman shi ne abu mafi amfani da na yi a duk tafiyar.

Har wajen ƙarfe huɗu na yamma ƙazantar wurin ba ta taka kara ta karya ba, 'yan ledoji ne da robobin ruwa irin na kowane taron jama'a. Komai yana faruwa ne a awa ɗayan ƙarshe. Ba zan manta wani mutum ba. Tun safe yake fama da wani tsohon talabijin mai ƙaton baya, ana tayawa yana cewa albarka. Ƙarfe biyar ya kawo motarsa ƙofar baya ya loda abin da zai loda, ta cika. Ya tsaya riƙe da talabijin ɗin a ƙirji, ya dubi motar, ya waiga hagu da dama, sannan ya taka a hankali ya ajiye shi a gindin katanga, har yana gyara masa zama kamar wanda zai dawo ya ɗauka. Bai dawo ba. Minti goma ba a yi ba wani ya jingina katifa a jikinsa. Wata mata ta ɗora buhun takalma. Kafin rabin awa wurin ya zama juji, kuma duk wanda ya zo daga baya ko waige ba ya yi.

Littafina ya nuna min abin da ban so gani ba: kusan duk manyan kayan da ake yarwa daga cikin kasuwa suke fitowa, daga masu rumfa da mota. 'Yan shimfiɗar da muka nemi a kora ba sa barin ko maɓalli, domin ba su da abin da za su iya yafewa. Hasali ma su ke tsintar abin da ke da sauran mamora a tsibin. Da dare kuma 'yan bola jari su zo su fasa talabijin da fanka su cire jan ƙarfe da abin da zai sayu, su bar gilashi warwatse. Ta haka fasasshen gilashi irin wanda ya yanki 'yata yake cika wurin.

Yadda kaya ɗaya ke janyo tsibi ya sa na shiga bincike, na tarar masana sun gwada abin. A birnin Groningen na ƙasar Holan, wasu masu bincike sun rataya takardun talla marasa amfani a hannun kekunan da aka ajiye a wani lungu da babu kwandon shara, suka laɓe suna kallo. Lokacin da bangon lungun yake tas, kashi 33 cikin ɗari na masu kekunan ne suka yar da takardar a ƙasa. Da aka ɓata bangon da zane-zanen fenti, alhali ga allo yana hana hakan, sai masu yarwa suka kai kashi 69. An buga sakamakon a mujallar Science a 2008. Mutanen garin ɗaya ne, lungun ɗaya ne, abin da ido ya tarar ne kawai ya bambanta. Sai na gane cewa aikinmu ba ranar Litinin yake ba, ranar Lahadi ne kafin talabijin na farko ya taɓa ƙasa.

A cikin 'yan shimfiɗa akwai wani dattijo mai sayar da tsofaffin agoguna da rediyoyi, daidai saitin tagarmu yake zama. Na je na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa gaskiya cewa ina cikin waɗanda suka sa hannu a kore su, kuma na gane kuskurena. Ya yi shiru yana goge fuskar wani agogo da gefen rigarsa, sannan ya ce, “Ɗana, na ga kana zaune da littafi. To rubuta wannan. Kayan kasuwar nan har ƙarfe huɗu haja ne, ƙarfe biyar ya zama nauyi. Wanda ya kawo shi ba ya son komawa da shi gida, don daga gidan ya fito da shi. In kuna son a daina yarwa, ku samo masa inda zai sauke.” Na ce, “Baba, in mun samo, za ku taya mu tsaron wurin?” Ya ce ai su ne kullum a wurin, su suka san kowa.

Daga baya na karanta asalin irin wannan kasuwa, sai kunyar takardar koken nan ta ƙara kama ni. Sunan da Faransawa suka ba ta yana nufin kasuwar ƙuma, saboda ƙwarin da ake zargin tsofaffin tufafi da shimfiɗu na ɗauke da su. Wadda ta fi shahara, ta Saint-Ouen a bakin arewacin Paris, masu tsintar tsummoki da tarkace ne suka kafa ta a ƙarshen ƙarni na 19, bayan an tura su wajen ganuwar birni. A zamanin ne wani gwamnan yankin, Eugène Poubelle, ya sa hannu a 1883 kan dokar da ta tilasta wa masu gidaje ajiye mazubin shara, har sunansa ya zama kalmar kwandon shara a Faransanci. Kenan tun fil azal kasuwar gwanjo ta mutanen gefe ce. Ka kore su daga wannan katangar, gobe ka gan su a layin da ke bayanka.

Muka sake komawa wurin manaja, wannan karon da hotuna masu kwanan wata, da littafina, da Baba, da Anti. Zama uku muka yi. A na farko ya ɗauka faɗa muka zo. Anti ce ta kwantar da shi, ta ce, “Ranka ya daɗe, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.” Abin da ya juyo da shi a ƙarshe lasisinsa ne, wanda ake sabuntawa duk shekara, kuma ya san koken maƙwabta na iya tsaya masa a wuya. Muka ce za mu janye takardarmu a rubuce idan ya karɓi tsirin nan a matsayin nasa daga safiyar Asabar zuwa daren Lahadi. Ya yarda.

Tsarin da muka tsayar ba shi da wani ƙawa. Duk mai rumfa idan ya shigo da safe ana ba shi buhu mai lambar rumfarsa, ya ajiye ɗan kuɗin jingina. Da yamma ya nuna wurinsa a share, ya miƙa buhun, a mayar masa da kuɗinsa. A kan jinginar nan aka fi kai ruwa rana, masu rumfa suka ce an mayar da su ɓarayi. Sai da muka yarda cewa ɗaya daga cikinsu ne zai riƙa duba wuraren, ba mu ba, ba kuma yaran manaja ba, sannan aka samu lafiya. 'Yan shimfiɗa ba a karɓar komai a hannunsu, an dai shata musu wuri da fenti, kowa ya san iyakarsa da abin da zai share.

Sai shawarar Baba. A ciki, kusa da ƙofar baya, aka keɓe wata kusurwa da muke kira wurin sauke kaya. Daga ƙarfe huɗu duk wanda ba ya son komawa da abu ya kawo nan. Mai buƙata ya ɗauka kyauta, 'yan shimfiɗa su zaɓi na sayarwa, 'yan bola jari su ɗauki na ƙarfe, amma da sharaɗi guda: a tafi da abu ɗungurungum, ba a fasa komai a nan, ba a ƙona waya. Makonni biyun farko abin ya kusa watsewa, domin mun bar kusurwar a buɗe har dare, sai mutane daga wasu unguwanni suka fara lallaɓowa da sharar gidajensu. Muka gyara: mutum ɗaya yana tsaye a wurin, ƙarfe bakwai a kwashe ragowar a kulle. Manyan mazuban shara ma haka, ranar Litinin ake janye su, don mazubin da aka bari babu mai kula shi ma gayyatar juji ne. Kuma dole su kasance masu murfi, a juye su da rana tsaka kafin su cika, saboda da zarar ɗaya ya tumbatsa mutane a gefensa za su riƙa ajiyewa.

Kayan haɗari su suka fi cin lokacinmu, kuma mai gyaran lantarkin nan shi ya zama malaminmu. Batiran waya da na kwamfuta, irin na lithium, ba a haɗa su da sauran shara. Idan motar shara mai matse kaya ta danne su suna iya kamawa da wuta. Ana liƙe bakinsu da salatif a jefa a duro na ƙarfe mai yashi, wanda ya kumbura kuwa a ware shi daban. Dogayen ƙwayayen fitila a jera su a kwali kada su fashe. Batirin mota akwai ruwan asid da dalma a cikinsa, gilashin tsohon talabijin mai ƙaton baya shi ma cike yake da dalma. Anti ta tsaya a gaban taron 'yan kasuwa ta ce dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, illar ba ta gyaruwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da aka san ba ya cutarwa. Na ga fuskar wasu ta canza, don da yawansu da 'ya'yansu suke zuwa kasuwa, yaran suna rarrafe a ƙasan nan.

Katifa da kujerun kushin kuwa ba ma bari su shiga wurin kyauta sai an duba ɗinkinsu. Kuɗin cizo na iya yin watanni bai sha jini ba kuma yana raye, in ka ga ɗige-ɗigen baƙi a bakin ɗinki to yana nan. Irin wannan katifar farke ta ake yi da wuƙa don kada wani ya ɗauka ya kai wa iyalinsa bala'i. Masu sayen tufafi muna gaya musu su wanke da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60.

Tayoyi kuma labarinsu daban. Akwai wasu tsofaffin tayoyi da aka jera a gindin katanga shekara da shekaru, kowa ya saba da ganinsu. Wata rana bayan ruwan sama Anti ta karkata ɗaya ta kira ni. Ruwan ciki yana motsi da tsutsotsin sauro, ɗaruruwa, suna lanƙwashewa suna miƙewa. Ta ce sauron Aedes, mai ɗigon fari a ƙafa, wanda ke cizo da rana yana yaɗa zazzaɓin dengue da shawara, irin wannan ɗan ruwan na taya da gwangwani yake so. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya ne zuwa kwana goma, ƙwan kuma yana iya manne wa jikin taya ya yi watanni a bushe yana jiran ruwa. Wato abin da aka yar wannan Lahadin, kafin mako biyu ya zama mai cizo. Muka kwashe tayoyin, wanda ba mu iya ɗagawa ba muka huda shi. Ɓeraye ma da aka daina barin ragowar abinci a buɗe sai suka ragu da kansu, abin da shekarun zuba guba bai yi ba. Ɓera mako uku take ɗaukar ciki, muddin akwai abinci kashewa ba ta cim musu.

Maganar tsaro ta fara ne daga wata tsohuwa da ke ƙarshen layi, Inna muke ce mata. Ta daɗe tana kukan ciwon kai da jiri, amma Asabar da Lahadi kawai. Da muka leƙa sai ga janaretan masu gwada kayan lantarki a jikin katanga, bakin hayaƙinsa na kallon tagar ɗakinta. Iskar carbon monoxide da janareta ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Shawarar da hukumomin lafiya ke bayarwa ita ce a nisanta shi da ƙofa da taga da aƙalla mita 6. A ranar aka mayar da shi tsakiyar fili, ciwon kan Inna bai sake dawowa ba.

Wannan ya sa muka roƙi 'yan kwana-kwana su turo mana jami'i ranar kasuwa. Ya zo ya zaga bai ce uffan ba, sai da ya tsaya a bakin layinmu, inda motoci suka yi fakin hagu da dama, ya ce, “Malam, in gobara ta tashi a gidanka yanzu, motarmu a nan za ta tsaya.” A ciki ya nuna mana wayoyin jona wuta an sarƙa ɗaya a kan ɗaya har huɗu, ga jarkar fetur a ƙarƙashin teburin tufafi. Ya koya wa 'yan kasuwa cewa wutar lantarki da ta fetur ba a zuba musu ruwa, ya sa aka sayi tukwanen kashe gobara masu hoda aka rataye a inda kowa ke gani, ya sa mutum biyar suka gwada da hannunsu, suna auna gindin wutar ba harshenta ba. Yanzu gefe ɗaya kawai ake fakin a layinmu, kuma ba a ajiye mota a kan kwana, domin a nan ne yaro ke fitowa daga bayan mota direba bai gan shi ba. Mun nemi hukuma ta rage gudun titin zuwa kilomita 30 a awa, wanda shi ne abin da taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra ya nema a Stockholm a 2020 ga duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Har yau muna jiran amsa, ni kuma ban daina zuwa ofishin ba.

Lungun da ke gefen gidan Inna ya daɗe da zama makewayin kowa. Alluna nawa aka kafa na gargaɗi, ba su hana komai ba. Ashe ban-ɗakin kasuwar yana can ɗaya ƙarshen filin, kuma rabin lokaci a kulle. Aka buɗe shi, aka sa mai kula, aka kafa kibiya mai nuna hanya, muka wanke lungun muka sa masa fitila. Fitilar ta yi aiki biyu, don a lungun ne ake fizge wa mata jaka in magariba ta yi. Na karanta cewa a New York an gwada wannan a 2016, aka ƙara fitilu masu haske a wasu rukunan gidajen gwamnati da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a aka bar wasu, manyan laifukan da ake yi a waje da dare suka ragu da kusan kashi 36 cikin ɗari a inda aka haska. Namu lungun fitila biyu kawai ya buƙata.

Sata kuwa, kasuwar gwanjo ba ta rabuwa da zargin kayan sata, kuma zargin ba duka ne ƙarya ba. Murfin ƙarfe na magudanar ruwanmu sau biyu ana ɗauke shi, ramin ya zauna a buɗe a hanyar yara, sai da muka zuba na siminti. A Ingila dokar 2013 ta masu sayen tarkacen ƙarfe ta hana biyan tsabar kuɗi hannu da hannu, ta kuma tilasta duba shaidar mai kawo kaya. Mu ba mu da ikon kafa doka, amma manaja ya sa masu sayar da waya da keke su riƙe littafi, su rubuta daga wa suka saya. Kowace waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, in ka danna *#06# za ta fito, ita ake rubutawa. Masu gaskiya sun karɓa da murna, mutum biyu kuwa ba a sake ganinsu ba.

Abu ɗaya da na tsaya a kai da ƙafa biyu shi ne duka. Ranar da aka kama wani matashi da hannu a aljihun mutum, kafin ka ce kwabo an kewaye shi, wani har ya ɗauko falanki. Baba ne ya kutsa ya tsaya a gabansa, tsoho tukuf da shi, yana cewa a kira 'yan sanda. Na shiga na tsaya kusa da shi, ƙafafuna na rawa. Muka riƙe yaron a rumfar manaja har suka iso. Washegari muka rubuta a yarjejeniya cewa duk ɗan kasuwar da ya ɗaga hannu a kan wanda ake zargi ya rasa wurinsa. Unguwar da ake dukan mutum a titi ba ta zama amintacciya ba, ko da kuwa ɓarawo ne, kuma 'ya'yanmu suna leƙe ta taga.

Ba komai ne ya gyaru ba. Ranar da ruwan sama ya tashi kasuwa ba shiri, kowa gudu yake, buhu da jingina duk a manta, Litinin mu fito da baro kamar da. Sababbin 'yan kasuwa suna zuwa kowane wata, sai an sake bayani daga farko. Akwai maƙwabcin da har gobe yake son a tashi kasuwar, saboda ƙarar sauke kaya tun kafin gari ya waye a ƙarƙashin tagarsa, kuma ban taɓa ce masa ba shi da hujja ba. Mun samu an mayar da inda motoci ke sauke haja can gaba, amma ƙarar ba ta mutu ba.

Watan jiya aka canza manaja. Sabon ya ce bai san da wata yarjejeniya ba, Lahadin farko kuwa na ga firji a gindin katanga, ƙofarsa a jiki, irin wanda yaro zai iya shiga ya rufe kansa. Ni da mai gyaran lantarki muka kwance ƙofar a daren. Yanzu abin da muke nema shi ne hukuma ta shigar da tsirin nan da sharuɗɗan cikin lasisin kansa, yadda ko wa aka kawo zai tarar da su a rubuce. Zaman sabunta lasisin saura mako uku. Masu rumfa goma sha ɗaya sun sa hannu tare da mu, 'yan shimfiɗa kuma Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya da takardar, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Jiya da yamma ya miƙo min ita a naɗe cikin leda don kada ta jiƙe, ya ce ranar zaman in biyo masa da wuri, tafiyarsa ba sauri.